Daga Indiya zuwa ajin lakwal: yadda tatsuniyoyin Kalila da Dimna suka zagaya duniya

A garuruwa irin su Maraɗi, Garwa, Njamena da Kwatano, yawancin waɗanda suka yi lakwal ba su manta da ranar hadda ba. Mushe ya kira suna, yaro ya miƙe ya harɗe hannuwa, ya kawo ɗaya daga cikin waƙoƙin Jean de La Fontaine da ka: ta hankaka da yanyawa, ko ta tantabaru biyu, ko ta matar nan da ta ɗauko madara a ka za ta kai birni. Iyaye da dama na ɗaukar waɗannan labarai kayan Nasara ne, abin da ake haddacewa don a ci jarrabawa, babu abin da ya haɗa su da tatsuniyar da kaka ke yi a tsakar gida bayan sallar isha'i.

Shi mai waƙoƙin bai ce haka ba. A gabatarwar kashi na biyu na littafinsa, wanda ya fara fitowa a 1678, La Fontaine ya rubuta cewa mafi yawan sababbin labaran ya same su ne daga wani mai hikima ɗan Indiya da ya kira Pilpay. Wannan Pilpay shi ne Baidaba na littafin Kalila wa Dimna, wanda ɗaliban adabin Larabci suka sani sarai. Ke nan yaron da ke hadda da Faransanci da wansa da ke karatu da Larabci, sau da yawa ruwan rijiya ɗaya suke sha, guga ne kawai ya bambanta.

Labaran sun yi shekaru fiye da dubu a hanya kafin su iso Faransa. Abin da ya raya su tsawon wannan lokaci shi ne, duk al'ummar da ta karɓe su sai ta sake ba da su da harshenta, ta zuba musu kayan gidanta. Wannan batu ya shafi Hausawan da ke zaune a tsakiyar wasu harsuna, waɗanda ƴaƴansu ke tasowa da labaran makaranta a baki, na gida kuwa suna neman kuɓuce musu.

Ƴaƴan sarki uku da karatu ya ƙi shiga kansu

Asalin littafin yana Indiya, cikin harshen Sanskirit, sunansa Panchatantra, wato littafi mai babi biyar. Masana da yawa na ganin an tsara shi wajajen shekara ta 300 miladiyya, ko da yake wasu labaran da ke ciki sun daɗe a bakin mutane kafin a rubuta su. Gabatarwarsa ta ce wani sarki ne a kudancin Indiya ke da ƴaƴa maza uku da suka gagari malamai. Sai aka kawo masa wani tsoho mai suna Vishnu Sharma, ya yi alkawarin cikin wata shida zai koya musu dabarun mulki da zaman duniya. Bai zaunar da su yana karanta musu dokoki ba. Labaran dabbobi ya riƙa ba su.

Kowane babi da darasinsa: yadda ake raba abokai, yadda ake samun abokai, yaƙi da sulhu tsakanin hankaki da mujiyoyi, yadda mutum ke rasa abin da ya samu, da illar aiki cikin gaggawa. An gina shi labari cikin labari, kamar ƙoren da aka jera ƙarama cikin babba. Wata dabba na cikin magana sai ta ce wa ƴar'uwarta kada ta zama kamar wane, ɗayar ta tambaya me ya same shi, sai sabon labari ya buɗe.

Babin farko shi ne mafi tsawo. Wani bajimi ne fatake suka bari a daji bayan ya samu rauni. Ya murmure, ya yi ƙiba, ya riƙa ruri har zaki ya tsorata. A fadar zakin akwai diloli biyu, Karataka da Damanaka. Na farko mai taka-tsantsan ne, na biyu mai son matsayi. Damanaka ya haɗa zaki da bajimi abota don ya samu shiga a fada. Da ya ga abotar ta yi ƙarfi har an manta da shi, sai ya koma yana kai wa kowannensu tsegumi, har zaki ya kashe amininsa. Bahaushe da ke yi wa dila kirari da malamin daji ba zai yi mamakin wanda aka ba wannan aiki ba. Sunayen dilolin nan biyu ne suka rikiɗa a hanya suka zama Kalila da Dimna.

Likitan da ya je neman maganin mutuwa

Zango na farko a wajen Indiya shi ne Farisa, zamanin sarki Kisra Anushirwan, wanda ya yi mulki daga 531 zuwa 579. Likitan fadarsa, Burzoye, shi ya mayar da littafin zuwa harshen Pahlawi, tsohon Farisanci, wajajen lokacin da aka haifi Annabi Muhammadu (SAW).

Tafiyar Burzoye ita ma ta zama tatsuniya. A ruwayar da mawaƙi Firdausi ya kawo cikin Shahnama, littafin da ya kammala a 1010, likitan ya karanta cewa a duwatsun Indiya akwai wani ganye da ke ta da matattu. Ya nemi izini ya tafi, ya bi duwatsu yana gwada ganyaye, babu wanda ya yi aiki. Daga baya wani dattijo ya warware masa zancen: matacce shi ne jahili, ganyen kuwa ilimi ne, kuma yana cikin wani littafi da ke ajiye a taskar sarki. Sarkin Indiya ya yarda ya karanta, amma ya hana shi kwafa. Sai Burzoye ya riƙa haddace babi ɗaya kowace rana, in ya koma masauki ya rubuta. Da ya dawo gida aka ce ya zaɓi lada, abin da ya fi nema shi ne a sa tarihin rayuwarsa a farkon littafin.

Fassarar Burzoye ta ɓace, ko shafi ɗaya bai rage ba. An san abin da ke cikinta ne saboda wasu sun fassara ta kafin ta salwanta: wani malamin Kirista mai suna Bud ya juya ta zuwa Suryaniyanci wajajen 570, sannan aka yi ta Larabci bayan kusan shekara 180.

Ibnul Muƙaffa da shari'ar Dimna

Wanda ya yi ta Larabcin shi ne Abdullahi Ibnul Muƙaffa, ɗan asalin Farisa da ya yi aikin magatakarda a Iraƙi, a ƙarshen daular Umayyawa da farkon ta Abbasiyawa. Wajajen 750 ya fitar da Kalila wa Dimna, wanda har yau ake lissafa shi cikin littattafan farko da suka kafa salon zube a Larabci. A sigarsa, wani sarki ne mai suna Dabshalim ke yi wa mai hikima Baidaba tambayoyi, shi kuma yana amsawa da misalai.

Ibnul Muƙaffa bai tsaya ga juya kalmomi ba. A sigar Indiya, Damanaka ya ci riba: bajimi ya mutu, shi kuma ya samu matsayin da yake nema, ba wanda ya tuhume shi. A ta Larabci akwai babi guda na shari'ar Dimna. Damisa ta ji Kalila na yi wa ɗan'uwansa faɗa kan makircin da ya ƙulla, labari ya kai ga uwar zaki, aka kama Dimna, aka yi zaman shari'a, shaidu suka tabbatar da laifinsa, aka yanke masa hukuncin kisa. Babu wannan babi a Panchatantra, babu shi a tsohuwar fassarar Suryaniyanci, shi ya sa masana ke ganin ƙarin Ibnul Muƙaffa ne. Masu karatunsa ba za su aminta da littafin tarbiyya da maƙaryaci ke tsira a cikinsa ba.

A gabatarwarsa ya bayyana dalilin sa magana a bakin dabbobi. Yara da masu son nishaɗi za su karanta don daɗi. Sarakuna za su so shi saboda zane-zanen da ake ƙawata shi da su. In manya da talakawa suka so shi, za a yi ta kwafarsa, ba zai tsufa ba. Masu zurfin tunani kuma za su gane abin da ke ƙarƙashi. Akwai kuma amfanin da duk mai zaman fada ya sani: wanda ba zai iya cewa sarki na sauraron ƴan tsegumi ba, yana iya ba da labarin zaki da dila, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Wannan kariya ba ta ishe shi ba a ranar da ya yi magana kai tsaye. Malaman tarihi sun ruwaito cewa shi ya rubuta takardar aminci ga Abdullahi bin Ali, baffan halifa Mansur da ya yi tawaye, ya cika ta da sharuɗɗa masu tsauri da suka fusata halifan. Gwamnan Basra, Sufyan bin Mu'awiya, wanda dama ke jin haushinsa, ya kashe shi tsakanin 756 da 759, yana ɗan shekara talatin da wani abu.

Hanyar Turai

Daga Larabci littafin ya yi rassa. Wajajen 1080 Simeon Seth ya mayar da shi Girkanci. A 1251 aka yi na Sifaniyanci bisa umarnin yarima Alfonso, wanda daga baya ya zama sarki Alfonso na 10. Wani malamin Yahudawa ya yi na Ibrananci, daga nan Yohanna na Capua ya juya shi Latin a ƙarni na 13, wannan kuma ya haifi na Jamusanci da na Italiyanci, har aka buga na Ingilishi a 1570. A gabas kuwa ya koma Farisanci, inda Husaini Wa'iz Kashifi ya sake rubuta shi a ƙarshen ƙarni na 15 da sunan Anwari Suhaili, kuma ta wannan hanya ya sake shiga fadojin Indiya da sabuwar riga. A 1924 wani masani Ba'amurke, Franklin Edgerton, ya rubuta cewa an san siga fiye da 200 na littafin cikin harsuna fiye da 50.

Daga sigar Kashifi aka buga fassarar Faransanci a Paris a 1644, kuma a nan sunan Pilpay ya shiga kunnen Faransawa. La Fontaine, wanda ya rayu daga 1621 zuwa 1695, ya fitar da kashi na farko na waƙoƙinsa a 1668, ya sadaukar da shi ga ɗan sarki Louis na 14, yaro ƙarami a lokacin. Wannan kashi ya dogara ne galibi kan labaran Aesop na Girka, kamar na hankaka da yanyawa. A kashi na biyu ne ya buɗe ƙofar gabas: tantabaru biyu, kunkuru da agwagi biyu, ɓeran da aka mayar budurwa. Shi ma ya san hatsarin fada, don ubangidansa Nicolas Fouquet, mai kula da baitulmalin ƙasa, sarki ya sa an kama shi a 1661, kuma a kurkuku ya ƙare rayuwarsa.

Tulu ɗaya, ƙasashe huɗu

Hanya mafi sauƙi ta ganin yadda labari ke sauya kaya ita ce a bi guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

A Panchatantra, wani matalaucin malamin Hindu ne ya tara garin sha'ir da ya samu wajen bara a cikin tukunya, ya rataye ta saman shimfiɗarsa. Yana kwance yana kallonta ya fara lissafi. In aka yi yunwa zai sayar da garin da tsada ya sayi awaki biyu. Awaki su zama shanu, shanu su zama dawakai, ya gina gida, ya yi aure, ya haifi ɗa, har ya raɗa masa suna. Wata rana matar za ta yi sakaci da yaron, shi kuma ya tashi ya shure ta. Ya kai shuri, tukunya ta fashe, gari ya rufe shi fari fat.

A Kalila wa Dimna mutumin ya zama mai zuhudu, wanda wani attajiri ke aiko wa zuma da man shanu kullum. Yana tara ragowar a tulu. Lissafinsa ya fara da dinari ɗaya da awaki goma, ya bi ta gonaki da bayi da aure, ya ƙare da ɗan da zai yi wa tarbiyya, in ya ƙi ji ya sha sanda. Ya ɗaga sandar don nuna yadda zai yi, ta sami tulun, zuma da mai suka kwararo masa a fuska. A Dare Dubu da Ɗaya ma akwai ɗan'uwan wanzami da ya zuba gadonsa cikin kayan gilashi, ya yi mafarkin auren ƴar waziri, ya kai shuri ya tarwatsa kwandon.

A Sifaniya, cikin littafin Don Juan Manuel na 1335, tulun ya sauka daga bango ya hau kan mace. Tana ɗauke da zuma zuwa kasuwa, tana lissafin ƙwai da kaji da tumaki da aurar da ƴaƴanta, daɗi ya kama ta ta yi dariya ta bugi goshi, tulu ya faɗi. A wajen La Fontaine zuma ta zama madara, matar ta samu suna Perrette, lissafin ya tashi daga ƙwai ɗari zuwa kaji, zuwa alade, zuwa saniya da maraƙi. Ta yi tsalle kamar maraƙin, madara ta zube, ta koma gida tana tsoron dukan miji. Wannan labarin bai zo masa ta littafin 1644 ba. Ya riga ya yi ƙarnoni yana yawo a Turai a bakin masu wa'azi da marubuta. Masani Max Müller ne ya bi sawunsa zuwa Indiya a wata lacca da ya gabatar a Landan a 1870.

Ƙashin bayan labarin bai motsa ba: dukiya ƴar kaɗan, lissafi mai hawa, motsi ɗaya na jiki, asara. Abin da ke cikin tulun da dabbobin da ake mafarki su ne ke bin kasuwar kowace ƙasa. Alade ya samu wuri a ƙauyen Faransa, ba zai samu a Basra ba. Bahaushe kuwa ya riga ya taƙaita darasin: hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kunkuru da ya buɗe baki

Wani lokaci darasin ma kan sauya. A sigar Indiya da ta Larabci, kunkuru na zaune a tafki tare da tsuntsaye biyu abokansa, dinya a ta farko, agwagi a ta biyu. Ruwa ya fara ƙafewa, tsuntsayen suka yi shirin ƙaura. Kunkuru ya roƙe su kada su bar shi, don shi ne ya fi kowa buƙatar ruwa. Suka kawo sanda, ya ciji tsakiya, suka kama gefe da gefe, da sharaɗin kada ya yi magana. Da suka bi ta saman gari mutane suka yi ta mamaki da surutu, ya kasa haƙuri ya buɗe baki don ya mayar da martani, ya faɗo. An sassaƙa wannan labari a jikin dutse a wurin ibadar Mendut da ke tsibirin Java na Indunisiya tun ƙarni na 9.

A wajen La Fontaine babu fari. Kunkurun ya gaji da raminsa ne, yana son ganin duniya, agwagin suka yi masa alkawarin kai shi har Amurka. Abin da ya kashe shi kuma yabo ne: mutane suka ce ga mai sarautar kunkuraye, ya buɗe baki don ya tabbatar musu. Tsohuwar sigar na magana ne kan wanda dole ta raba da gida, rayuwarsa na hannun abokan tafiya, kuma dole ya danne zuciya in baƙin gari suka yi masa dariya. Ta Faransa na yi wa mai son yawo da fankama ba'a. Duk wanda iyayensa suka bar gida saboda fari ko neman abinci ya san wadda ta fi kusa da shi. A duka biyun dai, baki shi ke yanka wuya.

Ba kowace kama ce aro ba

A 1859 Bajamushe Theodor Benfey ya fassara Panchatantra, ya kuma yi iƙirarin cewa yawancin tatsuniyoyin duniya daga Indiya suka fito. Masanan da suka biyo baya sun nuna ya wuce gona da iri. Mutane a ko'ina suna da kwaɗayi, tsoro da wayo, don haka suna iya ƙirƙiro labarai masu kama da juna ba tare da sun haɗu ba. Gizo da Ƙoƙi ba su buƙatar takardar haihuwa daga Indiya. Ananse na Akan a Gana, wanda shi ma gizo-gizo ne mai wayo, da ƙafarsa ya tsallaka teku tare da bayin da aka kai Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan, a baki kawai, ba littafi.

Don a iya kwatanta labarai, masana sun yi musu kundin lambobi. Antti Aarne na Finland ya fara shi a 1910, Stith Thompson ya faɗaɗa shi, Hans-Jörg Uther ya sabunta shi a 2004. Labarin mai lissafin tulu shi ne lamba 1430. Abin da ya bambanta Kalila wa Dimna da sauran shi ne yawancin zangunansa suna da sunan mai fassara da zamaninsa, har ana iya bin su ɗaya bayan ɗaya kamar salsalar malamai.

Inda Hausa ta shigo

Hausa ma ta yi irin wannan karɓa. A tsakiyar shekarun 1930 Abubakar Imam ya zauna a Zariya, inda Rupert East ke shugabantar ofishin talifi, ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937. Ya ɗebo daga littattafan Larabawa, na Indiya da na Turai, haɗe da na gida. Tsarin aku mai ba da labari don ya hana wani fita daga gida tsohon tsari ne a adabin Indiya da Farisa. Labarin Kalala da Kalalatu, na matar da ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi gudu da mijinta, yana da ɗan'uwa a tarin tatsuniyoyin ƴan'uwan nan Grimm na Jamus. Amma mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta, don Imam ya ba mutanen sunayen Hausa, ya zaunar da su a zaure da kasuwa, ya sa musu karin magana a baki. Aikin da Ibnul Muƙaffa ya yi wa Larabci ke nan.

Su kansu tatsuniyoyin Hausa, wasu daga cikin na farko da aka rubuta, a wajen ƙasar Hausa aka rubuta su. Dorugu, yaro daga yankin Damagaram da aka kama bawa sannan aka ƴanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai a 1855. A Ingila ya zauna da J. F. Schön yana ba shi labarai, waɗanda da yawansu suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. A Gana kuma, lokacin ana kiranta Gwalkwas, wani malami Bahaushe, Malam Shaihu, ya rubuta tatsuniyoyi da al'adu da karin magana da ajami, R. S. Rattray ya buga su cikin juzu'i biyu a 1913. Mutanen da ke nesa da gida ne suka yi wannan ajiya, kuma har yau masu bincike na komawa gare ta.

Abin da ke hannun iyaye

A zangon Kumasi da na Lome, a unguwar Briqueterie ta Yawunde, a Njamena, ko a Mai Wurno ta Sudan, ba baƙon abu ba ne a ga yaron da ake yi wa magana da Hausa yana amsawa da Faransanci, Larabci ko Turanci. Hausar aike da gaisuwa takan daɗe. Wadda ke saurin tafiya ita ce ta tatsuniya: kirarin dabbobi, waƙoƙin da ke tsakiyar labari, habaici, da kalmomin da ba a buƙatarsu a kasuwa. In kaka na wata ƙasa, dare kuma ya zama na talabijin da waya, ba lallai yaro ya taɓa jin an ce ga ta nan ga ta nanku ba, balle ya san amsar.

Tarihin Kalila wa Dimna ya nuna cewa ajiye labari a taska ba ya hana shi ɓacewa. Na Burzoye yana fadar sarki, ya salwanta. Waɗanda suka rayu su ne waɗanda wani ya ɗauka ya sake faɗa wa mutanensa da harshen da suke ji. Hakan na nufin waƙar da yaro ya haddace a lakwal ma tana iya zama hanyar dawo da shi Hausa. Uwa ko uba na iya cewa ya ba da labarin Perrette da Hausa bayan ya gama hadda. Nan take tambayoyi za su taso: madara ce ko nono, a tulu ko a ƙwarya, wace kasuwa za ta, me za ta saya tunda ba za ta sayi alade ba, wane karin magana ya dace a rufe da shi. Yaron da ya amsa waɗannan ya yi aikin da Kashifi da La Fontaine da Imam suka yi.

Haka kuma ta ɗaya ɓangaren. Kakar da ke Tawa ko Katsina na iya ɗaukar tatsuniyar Gizo da muryarta ta aika wa jikoki ta WhatsApp, har da waƙar da ke ciki da ƙurunƙus na ƙarshe, su kuma su juya wa abokansu na aji da Faransanci. Malam Shaihu da alƙalamin kara da tawada ya yi nasa, a ƙasar da Hausawa ba su da rinjaye, kuma bayan fiye da shekara 100 ana karanta shi.